Ku Tambayi Bakanike: Wanke Lagireto da Sauya Kulant a Tsofaffin Motocin Gudu

Wasiƙun da suka taru a wannan fitowa duk a kan ruwan sanyaya inji suke, kuma yawancinsu daga masu tsofaffin motocin gudu ne masu ƙofa biyu. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi BMW Z3 mai inji 2.8, ƙirar 1997, wadda ta daɗe a ajiye. Da na buɗe murfin tankin ruwa sai na ga ruwan ya koma ƙasa-ƙasa, ga laka a bakin murfin. Ina so in wanke in zuba sabo da hannuna. Ta ina zan fara, kuma lita nawa zan saya? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kashe ko kwabo, lakuci lakar nan da yatsa ka murza. In tana da maiƙo, launinta fari-fari mai sirkin ruwan ƙasa, to baƙin mai ne ya haɗu da ruwa, kuma wanki ba zai yi maganinsa ba. Sai ka zaro sandar gwajin mai ka duba, ka leƙa ƙasan murfin zuba mai. In can ma akwai, maganar gasket ɗin kan inji ce, sai gareji. In kuwa lakar gari-gari ce ba maiƙo, aikin bai fi ƙarfinka ba.

Injin da ke cikin motarka M52 ne mai silinda shida, kuma a Z3 jikinsa da kansa duk alminiyom ne. Alminiyom ba ya jar tsatsa. Farin gari yake yi, ya riƙa cinyewa rami-rami. Saboda haka ruwan ƙasa-ƙasa a wannan inji galibi shaida ce ta abin da aka daɗe ana ɗura masa: ruwan rijiya, kulant (ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa da daskarewa) iri-iri da aka gauraya, ko maganin toshe yoyo.

Injin da lagireto da hita gaba ɗaya suna cin kimanin lita 10.5. Ka nemi lita 5 na kulant tsantsa wanda ba a sirka ba, shuɗin nan na BMW ko wani da aka rubuta G48 a jikinsa. Ka haɗa da ruwan distil lita 25 zuwa 30, wato ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa, don da shi za ka yi ɗauraya da sirki. Sai sabuwar washar alminiyom ta notin zubar da ruwan inji, da sabon sukurun zubar da ruwa na lagireto, da sabon sukurun fitar da iska. Waɗannan biyun roba ne, kuma roba mai shekara sama da 25 ba ta da alƙawari. Ana samun na tagulla na fitar da iska, in ka gan shi ka ɗauka. Kayan aiki kuwa: sifana mai soket lamba 19 da doguwar sanda, sukundireba mai faɗin baki, mazurari, da baho mai faɗi da zai ɗauki lita 12.

Inji ya kwana a kashe, ya yi sanyi ƙalau. Ɗaga gaban motar ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe; kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa ba tare da ka tayar ba, ka kai hita ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa. Wannan ne ke tabbatar da hanyar hita a buɗe take, ruwan da ke cikinta ya samu fita. Cire murfin tanki, ka sassauta sukurun iska da ke gefensa, sannan ka kwance sukurun robar da ke gindin lagireto.

A nan mutane da yawa ke tsayawa, su ce sun juye ruwa. Wajen rabi kawai suka juye. Sauran yana kwance a cikin jikin inji, kuma can ne lakar ta fi taruwa. Notin da ke sakinsa yana gefen salansa, a ƙarƙashin bututan hayaƙi, wurin da hannu ke shiga da ƙyar. Idan ya saki, ruwan ba ya saukowa a miƙe, dukan ƙarafa yake yi ya fantsama ko'ina, shi ya sa muka ce baho mai faɗi, kuma ka kare idonka. In ruwa ya ƙi fitowa bayan ka cire notin, laka ce ta toshe ramin. Zura siririyar waya ka tsokane.

Yanzu ɗauraya. Mayar da notin da sukurun, cika da ruwan distil zalla, fitar da iska yadda za mu faɗa a ƙasa, ka tayar da inji hita na kunne. A wannan injin tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, yana tsare hanyar dawowar ruwa ne daga lagireto, don haka tiyon ƙasa za ka riƙa taɓawa: in ya yi ɗumi, tamostat ya buɗe, ruwa ya zaga ko'ina. Ƙara masa minti goma ka kashe. Jira ya huce har ka iya ɗora tafin hannu a kan inji ka bar shi, sannan ka juye. Kada ka yi gaggawar zuba ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, kan alminiyom yana iya lanƙwasa ko ya tsage. Maimaita har ruwan ya fito garau. In kana buɗe notin inji kowane zagaye, sau biyu ko uku ya isa. In lagireto kaɗai kake juyewa, lissafin daban ne: zagayen farko ya bar rabin tsohon ruwa, na biyu kashi 25 cikin 100, na uku kashi 12.5, na huɗu wajen kashi 6.

In lakar ta yi kauri, ka yi zagayen farko da maganin wanke lagireto na gwangwani wanda aka rubuta cewa ya dace da alminiyom, kuma kada ka wuce lokacin da aka rubuta. Soda mai ƙuna tana narkar da alminiyom. Garin sabulun wanki kumfa yake yi wanda ba ya ƙarewa, ya kuma bar gishiri. Asid ɗin batir kuwa ba ma sai an faɗa ba. Hita da ta toshe ana cire tiyoyinta biyu a bangon inji a tura ruwan famfo ta hanyar fita ya fito ta hanyar shiga, a hankali, domin matsin ruwan famfo na iya fin abin da aka yi hitar ta ɗauka.

Ga inda ake yin kuskuren da ba a gani. Bayan ɗauraya ta ƙarshe, duk yadda ka juye, akwai ruwa zalla da ya maƙale a hita da lunguna. In ka sirka rabi da rabi a bokiti ka zuba, wancan ruwan zai ƙara tsinka shi. Dabarar ita ce ka sa sabuwar washa, ka ɗaure notin inji a kan Nm 25 (ma'aunin ƙarfin ɗauri, da sifana mai awo), ka ɗaure sukurun lagireto da ƙarfin yatsu kawai, sannan ka fara zuba tsantsan lita 5 ɗin duka, ka cike sauran da ruwan distil. Da inji ya zaga za su gauraye, ka samu kusan rabi da rabi ko nawa ne ya maƙale.

Fitar da iska shi ne rabin aikin a BMW. Gaban mota na sama, makulli a kunne, inji a kashe, hita a ƙarshen zafi, sukurun iska a buɗe. Zuba a hankali ƙwarai, kana matsa manyan tiyoyin biyu da hannu. Da farko za ka ji huci, sai kumfa, sai ruwa mai tartsatsi. Ci gaba da zubawa har ruwa ya riƙa fita ta ramin sukurun santala babu ƙwayar kumfa, ko da tankin ya cika ya wuce alama. Sannan ka ɗaure sukurun a hankali. Da ya zauna, ka tsaya, ƙarin rabin juyi ne ke karya shi. Zuƙe rarar ruwan ya dawo alamar da aka rubuta KALT (wato sanyi) a jikin tanki, rufe murfi, tayar. Iska mai zafi ta fito daga hita, allurar geji ta tsaya a tsakiya. Zaga unguwa, dawo ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Washegari da safe, inji da sanyi, ka duba. In ya sauka kaɗan ka cike, iskar da ta rage ce ta fita. In ya ci gaba da sauka kullum, akwai yoyo.

Abu ɗaya da za mu nanata maka game da wannan mota: wuyan lagireto, tankin ruwa da gidan tamostat duk roba ne, kuma famfon ruwa na asali a injunan wancan zamani farfelarsa ma roba ce, takan tsage ta daina juya ruwa alhali daga waje komai lafiya. Masu gyaran waɗannan motoci sukan sauya su gaba ɗaya tun kafin su fashe, wajen kilomita 100,000 zuwa 130,000. Tunda ba ka san tarihin motar ba, kuma ruwa ya riga ya fita, yanzu ne lokacin da aikin ya fi arha. In za ka cire fanka, notinta lamba 32 ne kuma zarensa a juye yake, ta dama ake kwance shi. Kada ka dogara da geji: an yi shi ya zauna a tsakiya ko da zafi na hawa da sauka, sai abu ya ɓaci yake motsawa. Injin nan in ya tafasa sosai sau ɗaya, zaren notukan kai na iya zarewa daga jikin alminiyom.

TAMBAYA: Mai shagon kayan mota ya ce min jan kulant ya fi kore ƙarfi, kuma ba laifi in ƙara ja a kan koren da ke ciki. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam, launi rini ne kawai, kowane kamfani da wanda ya ga dama. Kusan duk kulant ɗin mota gindinsa ɗaya ne, etilin gilaikol. Bambancin yana cikin ɗan sinadarin hana tsatsa da aka ƙara, kuma shi ne ke ƙarewa har a ce ruwa ya mutu.

Tsohon samfuri, wanda aka fi sani da kore, yana aiki da silikat da fosfat. Yana shafe ƙarfe da kariya nan da nan, amma yana ƙarewa cikin shekara biyu. Shi ya fi dacewa da motocin da ke da lagireto na jan ƙarfe da aka haɗa da dalma, irin Datsun 240Z da MGB. Sai samfurin da ake kira OAT, wanda kamfanin General Motors ya koma wa a motocinsa a wajen 1996 da sunan Dex-Cool, mai launin lemo, da alƙawarin shekara biyar. Yana daɗewa, sai dai ba ya kare dalma yadda tsohon ke yi, kuma wani sinadari da ke cikin wasunsu yana laushe wasu gasket na da. Sai na tsakiya masu haɗa biyun. Turai sun guji fosfat saboda ruwansu mai yawan ma'adini ne, fosfat kan haɗu da shi ya zama ɓawo, shi ya sa G48 na BMW da tsofaffin Mercedes-Benz silikat ke ciki babu fosfat. Japan kuma suka guji silikat suka riƙe fosfat, saboda suna ganin silikat na cin sil ɗin famfon ruwa. To ka ga jan Toyota da jan wani kamfanin Turai ba abu ɗaya ba ne ko da ido ya ce ɗaya ne.

Gaurayawa ba kullum take zama laka ba, amma kullum tana rage ƙarfin kariyar, kuma ba za ka san ranar da za ta ƙare ba. In ruwa ya ragu a hanya ba ka da irin naka, ruwan distil zalla ya fi wani kulant da ba ka san asalinsa ba. Karanta bayan galan, ka nemi lambar da littafin motarka ya ambata. Galan da bai rubuta komai ba sai launi da hoton mota, kuma farashinsa bai fi na ruwan sha ba sosai, mai yiwuwa ruwa ne da rini.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe, mu nan Sakkwato ba ƙanƙara muke yi ba. Me zai sa in sayi maganin daskarewa? Ruwan burtsatse nake zuba wa Toyota Celica tawa, ba ta taɓa tafasa ba. Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya, kina da gaskiya ta fuska ɗaya, har ma fiye da yadda kike zato: ruwa zalla ya fi ruwan da aka sirka da kulant ɗaukar zafi. Sirkin rabi da rabi yana hana daskarewa har digiri 37 ƙasa da sifili, abin da ba ruwanki da shi. Amma ba don sanyi za ki saya ba.

Na farko tsatsa. A cikin injin akwai baƙin ƙarfe, alminiyom, wani lokaci da jan ƙarfe, duk a jiƙe cikin ruwa ɗaya mai zafi. Ƙarafa mabambanta a ruwa mai gishiri ƙaramin batir ne, kuma alminiyom ne ke biyan kuɗin: bakin tiyo ya cinye, fuskar kan inji ta yi ramuka a gefen gasket, farfelar famfo ta zama ƙashi. Na biyu ɓawo. Ruwan burtsatse da na rijiya sukan ɗauko ma'adinai, in suka sha zafi sai su kama bango, irin farin ɓawon da ke kama cikin butar shayi. Bututan lagireto sirara ne, ɓawo kaɗan ya isa ya toshe su daga ƙasa zuwa sama. Wannan ba ciwon rana ɗaya ba ne, shi ya sa motar ba ta nuna miki komai ba tukuna. Ranar da za ta nuna ita ce ranar da aka haura digiri 40 a watan Afrilu, ga cunkoso, ga na'urar sanyi a kunne. Na uku tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, sirkin rabi da rabi a wajen 107. Da murfi mai riƙe matsin bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), ruwa zalla ya kai wajen 120, sirkin kuma wajen 129. Ki lura da wanda ya fi ba da tazara a nan: murfi ne. Murfin da robarsa ta tsage ya fi rashin kulant saurin sa mota amai.

A ƙasa mai zafi ba dole sai rabi da rabi ba. Kashi 40 na kulant da 60 na ruwa ya yi daidai. Kada ki sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, maganin tsatsar ba zai isa ba. Kada kuma ki wuce kashi 60, sanyayawar ce za ta ragu. Masu zuba tsantsa ba sirki suna ganin gata suke yi wa mota, alhali zafi suke ƙara mata.

Wajen sayen ruwan distil a yi hattara. Sau da yawa a shagon batir ake samunsa, kuma akwai wanda aka riga aka haɗa da asid don sabon batir. Sai an tabbatar marar asid ne. Ruwan leda na sha tsafta gare shi, amma ma'adinansa na nan. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da ma'adini sosai, in aka tace ƙura zai yi ɗauraya.

Gargaɗi ɗaya: injin da ya shekara da shekaru kan ruwa zalla, in aka wanke shi aka zuba kulant, yakan fara yoyo a wuraren da tsatsa ce ke toshe su. Ba kulant ne ya huda ba, ramin na nan tun da. Ki sa a gwada da famfon matsi bayan wanki.

TAMBAYA: Bakanike ya ce in bari ya cire tamostat tunda ana wankin, wai na ƙasashen sanyi ne. In yarda? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Kada ka yarda. In tamostat ya mutu a sauya shi, kuɗinsa bai kai na matsalar da cirewa ke jawowa ba. Injin da ba tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya tsinke da fetur. A injuna da dama, har da na BMW da muka ambata, tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. Ka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani kason ruwan ya riƙa kewaye lagireto, mota ta yi zafi a babban titi. Gwajinsa ba wuya: rataya shi da zare a tukunyar ruwa kan wuta. An buga digirin buɗewarsa a jikinsa, misali 92 a M52 na farko. Ya fara buɗewa kafin ruwa ya tafasa, ya rufe ruf in ya huce. Motar da ke tafasa da lafiyayyen tamostat, a nemi laifin a lagireto, fanka, famfo ko murfi.

TAMBAYA: Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1991, inji 1.6. Na wanke da ruwa, na cika da kulant da aka riga aka sirka. Tun ranar allura take hawa tana sauka, hita sanyi take busowa, ina jin ƙarar ruwa a bayan dashbod. Kafin in taɓa ba ta yin haka. Me na ɓata? Daga mai karatu a Jos.

AMSA: Malam, alamun nan uku in suka haɗu bayan sauya ruwa, iska ce ta maƙale. Famfon ruwa ba ya tura iska. Inda kumfa ya zauna ƙarfe ba ya samun ruwa, kuma na'urar auna zafi tana karanta ruwa ne yanzu, an jima tururi, shi ne hawa da saukar allurar.

MX-5 ta fi BMW sauƙi, don ba ta da sukurun iska, bakin lagireto ne wuri mafi tsayi in ka ɗaga gaba. Faka a gangare hancin na kallon sama, inji da sanyi. Cire murfin lagireto, ka kafa mazurari da ya toshe bakin sosai, ka zuba ruwa ya tsaya a cikin mazurarin kamar kashi ɗaya cikin uku. Tayar ka bar shi yana aiki a tsaye. A wannan injin tamostat yana bakin fita ne, don haka tiyon sama ne zai yi zafi in ya buɗe; a lokacin za ka ga ruwan mazurari ya faɗa, manyan kumfa sun taso. Cike, ka ɗan taka totur zuwa juyi 2,500 na daƙiƙa kaɗan, ka saki, ka matsa tiyo da tsumma a hannu. Bar fankar lantarki ta kama ta tsaya sau biyu. Yi nesa da ita, ba ta sallama kafin ta tashi. In kumfa ya ƙare, kashe, bari ya huce, rufe murfi, ka cika ƙaramin tankin gefe zuwa alamar sama. Daga wannan tankin inji ke zuƙo ruwa in yana hucewa, don haka siririn tiyon da ya haɗa su kada ya kasance da tsaga.

In kuwa ƙananan kumfa suka ƙi ƙarewa bayan minti ashirin, suna ƙaruwa in ka taka totur, kuma tiyon sama yana yin tauri tun inji bai yi zafi ba, to hayaƙi ne ke shiga ruwa ta gasket. Akwai gwajin shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya in akwai hayaƙi.

Sai batun sirkin da ka zuba. Motarka lita 6 take ci. A ce lita 2 na ruwan ɗauraya ya maƙale, ka zuba lita 4 na rabi da rabi: kulant na gaske lita 2 ne cikin 6, kashi 33 ke nan, kana bakin iyaka. Juye lita 1 daga lagireto ka mayar da lita 1 na tsantsa iri ɗaya, za ka koma wajen kashi 44. A Jos wannan da lafiyar murfi sun fi muhimmanci, don a tudu mai tsayin mita 1,200 ruwa a buɗe yana tafasa ne a wajen digiri 96. Murfin motarka na bar 0.9 ne, kada ka sa na bar 2 irin na Z3.

Tunda bonet a buɗe yake, dubi robar saman lagireto. Sabuwa baƙa ce wuluk. In ta koma ruwan ƙasa ko ta yi kore-kore, ta gasu, kowace rana tana iya tsagewa daga gefe zuwa gefe. Ka kuma laluba bayan kan inji kusa da bango: akwai tiyoyin hita da wata 'yar hular roba da ke toshe bakin bututu, mai ɗige musu daga sama yana kumbura su. An ɗauko injin ne daga Mazda 323 inda yake kwance a gicciye, aka miƙe shi a MX-5, ruwa ya koma shiga da fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke can baya ta fi sauran zafi. Yoyo a wannan lungun ba a ganinsa sai ruwa ya yi ƙasa sosai.

TAMBAYA: Toyota MR2 ƙirar 1993, inji a bayan direba, lagireto a gaba. Hanyar ɗaya ce? Daga mai karatu a Yamai.

AMSA: Ba ɗaya ba ce. Ruwa yana tafiya daga baya zuwa gaba ta dogayen bututan ƙarfe a ƙarƙashin motar, shi ya sa take cin sama da lita 12, kuma wurin juyewa ya fi ɗaya: lagireto, bututan ƙasa da jikin inji. Ta wajen inji ake zubawa, amma iska ta gaba take fita, ta bawul biyu, ɗaya a lagireto, ɗaya a wajen hita. Ana sa wa kowanne siririn tiyo mai nuna ciki, a rataye bakinsa sama a jikin bonet, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a zuba a hankali har ruwan cikin tiyoyin ya yi daidai da bakin zubawa ya daina sauka. Yana cin lokaci, kuma gaggawa a nan ta sha cinye gasket. In garejin da kake zuwa na da na'urar da ke zuƙe iska duka kafin ta ja ruwa ciki, ka biya a yi maka da ita.

TAMBAYA: Yaya zan san lokacin sauyawa ya yi, kuma ina zan kai tsohon ruwan? A gida muna da yara da awaki. Daga mai karatu a Katsina.

AMSA: A tsohuwar mota ka riƙe shekara biyu, ko ana hawanta ko tana ajiye, don maganin tsatsa na ƙarewa ko mota ba ta motsa ba. Rubuta ranar da irin kulant ɗin a takarda ka liƙa a ƙarƙashin bonet. Ɗan gwaji mai ƙwallaye yana nuna yawan sirki ne kawai, ba ya nuna ko kariyar na da rai. In kana da mitar lantarki, sa baƙar waya a kan batir ɓangaren mai alamar (−), ka tsoma jar a ruwan ba tare da ta taɓa ƙarfe ba. Abin da ya haura volt 0.3 alama ce ruwan ya fara cin ƙarfe, ko kuma wata wayar ƙasa ta saki.

Tsohon ruwan guba ne, kuma zaƙi gare shi, shi ya sa dabba da yaro ke sha. Etilin gilaikol ƙoda yake kashewa, kaɗan ya isa, kuma wanda ya sha yakan yi kamar mai maye da farko, ya ga kamar ya warware, sannan ƙoda ta tsaya bayan kwana ɗaya zuwa uku. In yaro ya sha, a kai shi asibiti nan take da galan ɗin a hannu, kada a jira alama. Kada ka bar baho a buɗe ko na ɗan lokacin da za ka shiga ɗaki. Juye shi a jarka mai murfi, ka rubuta guba a jiki, ba a gorar lemo ko ta ruwan sha ba. Kada ya shiga kwata, ko kusa da rijiya, ko inda ake ɗaure dabbobi. Ka kai garejin da ke tara tsohon mai da ruwan mota. Abin da ya zube a ƙasa ka rufe shi da yashi ko garin katako, ka kwashe, sannan ka wanke wurin da ruwa mai yawa.